Na Saya wa Gwiwata Sulke, Na Kasa Tuƙi da Shi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekaruna 43, kuma na ɗan jima ina hawan keken dutse a ƙarshen mako, a irin turbar nan da ke ratsa itatuwa da duwatsu, rabi hawa rabi gangara. Bara tayar gaba ta zame mini a kan tsakuwa, na sauka da gwiwar dama a kan dutse, sai da aka yi mini ɗinki. Da na warke sai na sayi makarin gwiwa mafi kauri da na gani, mai ƙoƙon roba mai tauri da maɗauri uku. Matsalar ita ce ba na iya tuƙi da shi. Kafin rabin awa ya gurje mini bayan gwiwa, gumi ya cika shi, ga shi sai sulalowa ƙasa yake yi. Maiɗakina ta ce ko in riƙa sawa ko in bar keken. Abin da nake yi yanzu, ina sa shi a gabanta, in na isa bakin turba sai in cire in cusa a jaka. Raina ba ya son hakan, kuma duk gangarar da na zo sai gabana ya faɗi. Shin haka duk suke, sai dai haƙuri, ko akwai wanda mutum zai iya wuni da shi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya kiyaye gaba.

A'a, ba haka duk suke ba, kuma nan ba wurin haƙuri ba ne. Ka je sayayya ne ciwon yana ranka. Idonka na kan dutsen da ya yanke ka, sai ka ɗauki abin da ka tabbata ko da guduma aka buga ba za ka ji ba. Duk wanda aka taɓa yi wa ɗinki a gwiwa zai gane dalilinka. Sai dai irin wanda ka kwatanta an yi shi ne domin masu tseren gangara, waɗanda mota ko kujerar da ake ja a kan igiya ke kaiwa ƙololuwar dutse, su sulalo cikin 'yan mintoci a tsaye kan feda, gwiwa a ɗan tanƙware, da ƙyar suke murza ƙafa. Kai kuwa da ƙafarka kake hawa. Yi lissafi ka gani: idan kana juya feda sau 80 a minti, kowace gwiwa tana tanƙwarewa ta miƙe sau 4,800 a awa guda. Ɗan ɗinkin da ba ka ko ji shi ba sa'ad da kake gwadawa, in ya goga wuri ɗaya sau 4,800 a kan jiƙaƙƙiyar fata, sai ya saɓule ta. Laifin ba na fatarka ba ne.

Ga abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga bayanin kaya. Ranar da ka sake faɗuwa, kuma duk mai bin turba yana faɗuwa, abin da zai yi maka amfani shi ne wanda yake kan gwiwarka a wannan daƙiƙa. Saboda haka jin daɗin sawa shi ne sharaɗi na farko, kauri ya biyo baya. Siririn da ka manta yana ƙafarka ya fi maka wancan da kake goye da shi a baya.

Irin da ya dace da tuƙinka shi ne wanda ake zura ƙafa a ciki, doguwar rigar ƙafa ta yadi mai miƙewa, da soso na musamman a gaban gwiwa. Soson nan ba irin na katifa ba ne. Idan ka taɓa dama sitaci da ruwa kaɗan har ya yi kauri, ka san in ka tura yatsa a hankali zai nutse, amma in ka kai masa naushi sai ya daskare a ƙarƙashin hannunka. To haka wannan yake aiki: kana murza feda yana bin tanƙwarar gwiwarka, da zarar an buge shi da ƙarfi sai ya ƙanƙame na ɗan lokaci, ya watsa bugun a faɗinsa, ya sake yin laushi. Wanda ya fi suna shi ne D3O, na wani kamfanin Birtaniya, mai launin ruwan lemo. Duniya ta fara saninsa ne sa'ad da 'yan wasan zamiyar ƙanƙara na Amurka da Kanada suka sa shi a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Turin ta Italiya a 2006. Akwai SAS-TEC na Jamus, akwai VPD na kamfanin POC na Suwidin, kamfanin Leatt na Afirka ta Kudu ma yana da nasa. Kowanne da irin haɗinsa, amma abu ɗaya suke nema. Kada sunan soso ya yanke maka hukunci. Soso mai kyau a cikin rigar da ba ta dace da ƙafarka ba, jaka zai koma shi ma.

Akwai wani hali na irin wannan soso da ke ruɗa masu saye: yana tauri da sanyi, yana laushi da ɗumin jiki. In ka ɗauko shi daga kanta ka sa, mintocin farko zai ji maka a sandare. Ba shi kamar minti goma ya ɗauki ɗuminka kafin ka ce bai yi ba.

Ba zan ɓoye maka abin da za ka rasa ba. Ƙoƙo mai tauri yana zamewa a kan dutse, kuma tsinin dutse ba ya huda shi da sauƙi. Yadi kuwa yana kama ƙasa, in ya kama sai ƙasar ta ja makarin ta sauke shi daga gwiwa kana cikin jan ciki. Tun da rauninka yanka ne a kan dutse, ka duba abin da aka rufe gaban soson da shi. Nemi yadi mai jure gurza, irin Cordura ko wanda aka saƙa da zaren Kevlar, ko mai siririyar fatar roba mai tanƙwaruwa a gaba. Ka kuma duba gefe da gefe. Ba kullum gwiwa ke sauka da ƙoƙonta ba. Sau da yawa gefen waje ne ke cin ƙasa, na ciki kuma ya bugi ƙarfen keken. 'Yan ƙananan sosuna a gefe ba sa hana tuƙi, kuma suna biyan kuɗinsu.

Sai tambarin gwaji, wanda mutane da yawa ba sa karantawa. A jikin soson ko a 'yar takardar da aka ɗinka ciki, za ka ga EN 1621-1. Ƙa'idar Turai ce da aka tsara tun asali domin kayan kariyar masu babur, shi ya sa za ka ga zanen mutum a kan babur, kada ka ɗauka an ba ka kayan wani. Yadda ake gwajin, ana ɗora soson a kan wani dunƙulen ƙarfe, a sako masa nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya, bugun jul 50 ke nan a ma'aunin kuzarin bugu, a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa ƙasa. Da kilonyuton ake auna wannan ƙarfi: in matsakaicin bai wuce 35 ba, mataki na 1 ne. In bai wuce 20 ba, mataki na 2 ne, wato ya fi shanye bugu. Harafin K yana nufin gwiwa da saman ƙwauri, K+L gwiwa har zuwa tsakiyar ƙwauri. A yana nufin wurin da ya rufe ƙarami ne, B ya fi faɗi. In ka ga T+ an gwada shi a zafin digiri 40, T- kuma a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri.

Ra'ayina game da kai: mataki na 1 mai faɗin B ya isa yawancin masu bin turba irin taka. Amma tun da duwatsu gare ku, ga kuma tabo, in ka sami mataki na 2 da ya zauna maka daidai, ɗauke shi. Yanzu ana yin su marasa nauyi. In zaɓi ya zama tsakanin na 2 mai ɗan cizo da na 1 da ba ka jin yana nan, ɗauki na 1 ba tare da waiwaye ba. Wanda babu tambarin ko kaɗan, ka ɗauke shi maganin ƙujewa ne kawai. Ka kuma lura cewa a gwajin nan soson a kwance yake, ba ya motsi. Babu wani inji da ya auna ko zai tsaya a kan gwiwarka. Wannan gwajin kai za ka yi shi, kuma shi ne babba.

Fara da awo. Samu tef irin na tela, ka tsaya a miƙe ba tare da ka ɗaure tsoka ba, ka auna kewayen cinya da kewayen sharaɓa. Kamfanoni da yawa suna cewa a auna cinya santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa, wasu sun fi haka nisa, sharaɓa kuma a inda ta fi kauri ko a wani tazara da suka faɗa. Bi na kamfanin da za ka saya, domin matsakaicin wannan yana iya zama ƙaramin wancan. Kuma ka auna ƙafa biyu. Ƙafar da ta yi jinya takan rame, musamman tsokar gaban cinya, kuma takan daɗe ba ta koma yadda take ba. Ba ka faɗa mini wanne ne ke yawan sulalowa ba, amma ba zan yi mamaki ba in na dama ne.

Sulalowar nan tana da dalili, kuma in ka gane shi ka gane rabin sayayyar. Cinya tana da kauri a sama, tana tsukewa zuwa gwiwa, don haka duk abin da aka ɗaura mata ƙasa yake son zuwa. Ƙari a kan haka, tsokar tana kumbura tana sacewa da kowane taku, tana tura maɗaurin ƙasa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ƙara tamke maɗaurin sama ba ya magani, sai dai ya ƙara maka zafi. Abin da ke tsayar da makari shi ne tudun sharaɓa. Ƙasa da gwiwa kaɗan ƙafa tana tsukewa, sannan sharaɓa ta taso. In makarin ya kama wannan matsatsin sosai, ya sami wurin zama. Saboda haka ka fi mai da hankali ga yadda ya kama ka ƙasa da gwiwa. Waɗansu suna da ɗan siririn maɗauri ko roba a baya, daidai saman sharaɓa, aikinsa ke nan. Daga sama kuma, doguwar riga da ta kai tsakiyar cinya, mai faffaɗan layin silikon, wato roba mai kama fata, a bakinta, ta fi gajeruwa mai tamkakken maɗauri, domin ta raba riƙon a wuri mai faɗi. In kana sa matsattsen wandon ciki irin na masu keke, ka sa bakinsa ya hau kan bakin makarin, su riƙe juna.

Akwai masu ƙatuwar sharaɓa da siririyar cinya, akwai masu akasin haka. In awonka na sama ya faɗa lamba ɗaya, na ƙasa ya faɗa wata, kada ka tilasta wa kanka wannan samfurin. Nemi mai maɗaurin da ake daidaitawa, ko ka koma wani kamfani, kowanne da siffar ƙafar da ya yanka kayansa a kai. In kuwa tsakanin lambobi biyu ka faɗa, ƙaramin yakan fi, domin yadin yana saki da amfani. Amma akwai iyaka. Shafa gefen waje na ƙafarka, ƙasa da gwiwa kaɗan, za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo. Wata jijiya ce ke kewaya wuyan wannan ƙashi dab da fata, ita ke kai ji zuwa saman ƙafa, ita ke sa ka ɗaga yatsunka sama. Maɗaurin da ya danne ta zai sa ka ji ƙafar ta sage ko kamar ana tsira mata allura. In ka ji haka, cire shi nan take. Wannan ba ya cikin abubuwan da ake sabawa da su.

Wajen gwadawa, kada ka tsaya ƙiƙam gaban madubi. Makarin kirki an ɗinka shi ne a tanƙware, don haka in ka miƙe yana iya yin 'yar tattara a gaba, ka ga kamar ya yi maka yawa. A kan keke gwiwarka ba ta taɓa miƙewa sarai. Duba alamar hagu da dama, ka sa, ka zauna a kujera, ka tsuguna ka tashi sau da dama, ka hau matakala. In da hali ka hau keke ka murza na kwata awa. Kana zaune gwiwa a tanƙware, zura yatsa bayan gwiwar. In ka ji yadi ya taru ya yi dunƙule a cikin lanƙwasar, wurin da zai ci ka ke nan. A gefe biyu na lanƙwasar akwai manyan jijiyoyi da ke miƙewa da kowane taku, za ka ji su da hannu. Bakin maɗauri ko ɗinki bai kamata ya faɗa kansu ba. Na tabbata in ka duba naka na yanzu za ka tarar maɗaurin tsakiya ko gefen wani a nan yake kwance.

Juya makarin ciki waje ka dubi ɗinkinsa. Shimfiɗaɗɗen ɗinki ake so, wanda in ka shafa ba ka jin tudu, kuma bayan gwiwa ya zama raga ɗaya ba haɗi. Waɗansu suna huda rami a bayan gaba ɗaya don iska. Wannan yana yi wa wasu daɗi, wasu kuma bakin ramin ne ke cizonsu, sai ka gwada. Dubi cikin soson kuma: ya kamata ya yi ɗan kwarmi inda ƙoƙon gwiwa zai zauna. Wanda yake shafe yana danna ƙoƙon ciki duk lokacin da ka tanƙwara, kuma a doguwar hawa wannan dannar tana zama ciwo. Fatar tabo ba ta da juriyar sauran fata, don haka ka tabbata babu ɗinki ko takardar kamfani a daidai inda aka ɗinke ka.

Gwaji na ƙarshe, kuma kada ka ji kunyar mai kanti: tanƙwara gwiwa, ka damƙi makarin da hannu biyu, ka fizge shi ƙasa, ka murɗa shi gefe. In hannunka ya iya kawar da shi daga ƙoƙon gwiwa, ƙasa ba za ta sha wahala ba. In ta intanet za ka saya, ka tabbata suna karɓar mayarwa, ka gwada a cikin gida kafin ka cire takardun. Wanda ya iya, ya sa a kawo lambobi biyu ya mai da ɗaya.

Batun zafi kuwa, gaskiya ɗaya ce: babu makarin da ya kai gwiwa tsirara sanyi, duk wanda ya ce maka akwai talla yake yi. Amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ɗaga soson ka dubi haske ta cikinsa. Mai huji da yawa, da raga a baya, yana barin iska ta ratsa da zarar ka ɗan yi gudu. Mai kaurin robar nan irin ta rigar masu nutso, wato niyofirin, shi ne ya fi tara gumi. Za ka yi gumi dai, amma gumin da ba ya tare da gurza abu ne da jiki ke mantawa da shi.

Za ka ga wasu suna sauke nasu zuwa idon sawu in za su hau tudu, wasu kuma suna sayen mai zif a gefe don su cire ba tare da sun tuɓe takalmi ba. Ga wanda zai yi hawa ɗaya doguwa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya sannan ya gangaro sau ɗaya, dabara ce mai kyau. Kai ban ba ka wannan shawara ba. Turbarka hawa da gangara a cakuɗe suke, ba za ka riƙa tsayawa kowane minti biyar kana ja sama ba, za ka ce bari in wuce wannan 'yar gangarar tukuna. Kuma ba a gangara kaɗai ake faɗuwa ba. Mutum ya gaji a kan hawa, taya ta maƙale a saiwa, ya kife gefe a hankali, gwiwa ta sami dutse. Cirewa ita ce cutar da muke nema maka magani, kada mu saya maka abin da zai sauƙaƙa ta. Zif ɗin ma layi ne mai tauri, wani wurin gurza ne.

Kafin ka gwada sabo, bari bayan gwiwarka ya warke sarai, in ba haka ba kowanne ka sa zai ji maka mugu. Bayan haka, wanki. Gumin da ya bushe yana barin gishiri a yadi, ƙura ta haɗu da shi, washegari su ci fatarka tare. Makarin da ya yi daɗi a makon farko ya fara cizo a na huɗu, sau da yawa datti ne kawai. Cire soson in mai ciruwa ne, ka wanke rigar da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ka shanya a inuwa. Kada ka sa shi a injin busar da kaya, kada ka bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, zafi yana kashe roba. Ɗan man hana gurza a lanƙwasar gwiwa yana taimakawa, amma kada ya taɓa inda silikon ke kamawa, in ba haka ba ka mai da shi abin zamiya. Wajen sawa, ɗaga bakin ka ajiye shi inda kake so, kada ka ja shi a kan fata yana tsige maka gashi. Ka kuma bambanta gurza da rashin jituwar fata da roba. Gurza tana fitowa inda abu ke gogawa, tana raɗaɗi. In kuwa ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi sun zana siffar bakin makarin ko duk inda robar ta kwanta, fatarka ce ba ta jituwa da abin da aka yi shi da shi, ana samun haka musamman da niyofirin. Wanki ba zai magance wannan ba, sai sauya samfuri, in ya ƙi lafawa a ga likita.

Abu ɗaya da babu makarin da zai yi maka: ba ya hana gwiwa murɗewa. Aikinsa bugu da yanka da ƙujewa. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar daga ciki, in ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, soso ba ruwansa. Don haka in har yanzu gwiwar tana kumbura bayan tuƙi, ko tana sakin ka, ko tana kullewa, ko ka ga wani ƙullutu mai ruwa a gaban ƙoƙon, likita za ka nema kafin kanti.

Faɗuwar gaban da ka ambata ma tana da hatsarinta. Mai tsoro yana sandare hannu, ya kafa ido kan tayar gaba maimakon inda za shi, ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana, kuma a kan tsakuwa wannan shi ne ainihin abin da ke zamar da tayar gaba. Wato a yanzu kana tuƙi a yanayi mafi muni: gwiwa a buɗe, jiki a ɗaure. Koma turba mai sauƙi na ɗan lokaci, ka riƙa rage gudu tun kafin kwana, ka sassauta birki a cikinta. In gwiwa ta rufu za ka ga kafaɗunka sun saki da kansu.

Saura maganar maiɗakinka, wadda na san ita ce ta sa ka rubuto, ko da ka sa ta a tsakiyar wasiƙa. Ita ta ga jinin, ita ta yi jinyar. Sharaɗin da ta gindaya ba ƙiyayyar keke ba ce, ba ta son a sake kiranta ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma naka ya fi kowanne ƙurewa, domin ranar da zai tonu ita ce ranar da za ka dawo da buɗaɗɗiyar gwiwa, makari kuma tsaf a jaka babu ko ƙura. A ranar ba za ta tsaya sauraron bayanin ɗinki da gumi ba, kuma da gaskiyarta. Faɗa mata yau, tun kana da lafiya. Nuna mata tabon gurzar da ke bayan gwiwarka, shi zai yi maka rabin bayani. Ka ce ka yi kuskure da ka ɓoye, kuma kana neman wanda za ka iya sawa. In ta ga dama ita ta riƙe maka tef ɗin awo. Mutum ba ya auna cinyarsa daidai yana sunkuye. Kafin sabon ya zo, ko dai ka tsaya ga shimfiɗaɗɗun hanyoyi, ko ka riƙa sa tsohon a kowace gangara, kuma ta san haka kake yi.

Tsohon kada ka yar. In wata rana ka je inda ake kai mahaya sama da mota su yi ta gangara, ranarsa ce, zai yi maka aikin da aka yi shi dominsa. Sabon kuma kada ka fara da shi a doguwar tafiya. Yi ƙasa da awa guda, ka dawo ka cire, ka dubi ƙafarka. Shatin da ya ɓace bayan ɗan lokaci ba komai ba ne. Jan wuri mai raɗaɗi a daidai wani ɗinki kuwa, gobe ma nan zai ci, sai ka ga ko gyara zamansa zai kawar da shi, in bai kawar ba ka sauya. Duk lokacin da ka yi mummunar faɗuwa, fito da soson ka tanƙwara shi a haske ka nemi tsaga ko inda ya lotse bai dawo ba. Galibi dai rigar ce ke riga soson mutuwa: ranar da ka lura kana yawan kai hannu kana jan shi sama kana cikin tafiya, robarsa ta saki, lokacin sabo ya yi ko da gabansa bai yi ko ƙwarzane ba.